Suɗaɗɗen Kwabo: Nazari kan Al'adar Tsufar da Sulalla da Gangan

Duk wanda ya taɓa kai dala Wapa, kasuwar 'yan canji da ke Fagge, ya san ƙa'idar wurin: sabuwar takarda mai ƙamshi ita ke da farashi, wadda ta tsufa ko aka yi wa rubutu kuwa sai an rage mata wani abu. Haka abin yake a kasuwar Sabon Gari, inda ɗan tireda zai juya yagaggiyar naira ɗari ya miƙo maka abarka. A wurinmu tsufa aibi ne ga kuɗi. Amma a Amurka akwai masu tara tsofaffin sulalla da suka juya wa wannan ƙa'ida baya, ba su neman komai sai kwandalar da ta fi kowace suɗewa.

Asalin al'adar yana cikin ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, mai hawa 70. Kwandalar da ko ƙwarzane babu a jikinta ita ke hawa na 70, wadda ta suɗe har zanenta ya kusa ɓacewa kuma tana hawa na 1. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, na 1987, su ke duba kwandala su ba ta lamba, su rufe ta a gidan roba. Yawancin masu tarawa sama suke hari. Waɗannan kuwa ƙasa suka nufa, kuma suna da hujja: samun lamba 1 ba ƙaramin aiki ba ne. Sai kwandala ta shafe sumul, amma ana iya gane irinta da shekarar da aka buga ta, kuma ba ta lanƙwashe ko ta fashe ba. Galibin sulalla ana janye su a narke tun ba su kai nan ba. Ƙarancin abu shi ke sa masa tsada.

Inda riba ta ɓullo kuwa, dabara ba ta nisa. Wasu sukan jefa kwandala a aljihu tare da makullai, su yi shekaru suna yawo da ita don ta sauko hawa. Marasa haƙuri sukan zuba ta a injin da ke juya ta da yashi, ko su goge ta da takardar yashi. Masu tantancewa sukan gane irin wannan a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, domin suɗewar hannu laushi gare ta, ta inji kuwa tana barin zane-zane. Kwandalar da aka kama haka ba a ba ta lamba, lalatacciya ake kiranta.

Mutumin Kano ya fi kowa cancantar ya yi hukunci a nan, don garinsa ya daɗe yana shafa ƙarfen kuɗi. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzar da dala ɗaya ta azurfa. Dalar Mariya Tariza, irin wadda ayarin Sahara ke saukewa da ita a zangon Fagge, tana da wani abin lura: duk wadda aka buga bayan rasuwar sarauniyar da dalar ke ɗauke da sunanta, 1780 ke rubuce a jikinta, ko da an buga ta bayan shekara ɗari. Ke nan rubutun ba ya faɗin shekarunta, suɗewarta ce ke ba da labarin tafiyar da ta sha.

Sai zamanin Turawa. A 1907 aka fara buga anini da kwabo masu huji, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko na alminiyam ne, bai jure ba, aka sauya masa ƙarfe a 1908. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, Sabon Gari ta tsiro a wannan tsakanin, cinikin gyaɗa kuma ya watsa sulalla har ƙauyukan ƙayayau. Taro, sisi, sule da fataka suka shiga bakin mutane. Babban Bankin Najeriya ya fitar da nasa kuɗin a 1959, naira da kwabo suka zo ranar 1 ga Janairun 1973, amma har gobe wanda aljihunsa ya bushe cewa yake ba shi da ko anini. Kwabon da ya suɗe a wannan hanya ya bi ta hannun manomin gyaɗa, da ɗan dako, da telan Fagge, da mai tuwo a tasha. Kowane hannu ya ɗauki ɗan ƙarfe kaɗan, ya bar shaidarsa.

Saboda haka al'adar neman suɗaɗɗiyar kwandala hanjin jimina ce, akwai na ci akwai na zubarwa. Na ci shi ne girmama abin da ya yi wa jama'a aiki har ya ƙare, maimakon wanda ya kwana a taskar banki bai taɓa sayen ko ƙosai ba. Na zubarwa shi ne ƙirƙirar tsufan. Wanda ya goge kwandala ya sayar a matsayin wadda zamani ya cinye ya yi algus, daidai da mai jiƙa hatsi don ya yi nauyi. Ya kuma yi ɓarna biyu: ya cuci mai saye, ya shafe rubutun da na baya za su karanta. Ko wanda ya sa ta a aljihu da niyya, aljihu ɗaya ba kasuwa ba ne.

Mu ma muna da namu laifin, ko da ya sha bamban. Muna dirje tsohon kwabo da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli, muna kai azurfa maƙera a narke a yi zobe, wasu kuma 'yan damfara na ruɗarsu da cewa kwabo mai huji na ɗauke da wani sirrin arziki. Duk hanya ɗaya suke bi, ta hallaka shaida.

Mai karatu, idan ka tsinci anini ko sule a adakar kakarka, kada ka goge shi, kada ka wanke shi. Naɗe shi a ƙyalle, ka rubuta sunan mai shi da inda aka same shi, ka nuna wa 'ya'yanka, ko ka kai gidan tarihi na Gidan Makama a adana. Darajarsa tana cikin hannayen da suka suɗe shi da gaskiya.