Yajin Maza Da Kwanon Tuwo: Nazarin Abincin Ƙarfin Namiji A Ƙasar Karaye

Magidancin da ya fito daga Yola ta ƙasar Karaye zuwa cin kasuwa, idan yana da damuwar da ba ta faɗuwa, ya san gindin inuwar da zai nufa. Mai magani na zaune gaban buzu, ya jera ƙulle-ƙulle: gagai, ɓawon burantashi, namijin goro, citta, kanumfari, masoro. Ba sai an yi doguwar magana ba. Magidanci ya ce, "Malam, sanyi ke damuna," ko ya ce basir ne ya taso masa. Shi kuma ya amsa, "Allah ya sawwaƙe, Alhaji, a barbaɗa wannan a kan tsire bayan isha'i." Babu wanda ya ambaci sunan cutar, amma kowa ya fahimci kowa.

Wannan al'ada ta neman ƙarfin namiji ta hanyar ci da sha tsohuwa ce, kuma ginshiƙinta biyu ne. Na farko shi ne zafi. Ana ɗaukar raunin mazakuta a matsayin sanyi da ya kama jiki, don haka ake korarsa da yaji da farfesu da nama mai maiƙo. Na biyu shi ne tsoron zaƙi. Tun muna yara dattawa ke cewa yawan shan zaƙi yana kawo basir, basir kuma yana kashe namiji.

A kan na biyun nake so in tsaya, domin dattawan nan sun hango wani abu na gaskiya, sunan da suka ba shi ne ya bambanta da na likita. Miƙewar gaba aikin jini ne. Jijiyoyi suna sakin wani sinadari da ke sassauta bangon hanyoyin jini, jini ya kwararo ya cika wurin. Gano aikin sinadarin nan ne ya sa aka ba masana uku na Amurka kyautar Nobel a 1998, shekarar da ƙwayar Viagra ta shiga kasuwa. Hanyoyin jinin gaba kuwa sirara ne ƙwarai, faɗinsu milimita 1 zuwa 2, alhali na zuciya sun kai 3 zuwa 4. Duk abin da ke toshe hanyar jini, ko ciwon suga ne, ko hawan jini, ko kitse, ko hayaƙin taba, a sirarar yake fara nuna kansa. Shi ya sa raunin kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru, kuma kusan rabin maza masu ciwon suga suna fama da shi. Zaƙin da dattawa suka zarga yana da laifi.

Abin da ke damuna shi ne yadda al'adar ke warware tufkar da ta yi. Mutumin da aka hana zaƙi da safe, shi ake haɗa wa kunun aya da dabino da zuma da madarar gwangwani da dare, har da mazarƙwaila. Aya ba ta da aibu, dabino ma abinci ne mai albarka. Amma ga wanda sugansa ya hau bai sani ba, wannan kofi yana ƙara wa wutar itace ne.

Gagai ma an gwada shi. A Jami'ar Ilori, Dakta Musa Yakubu da abokan aikinsa sun ba ɓeraye ruwan tsiron, suka wallafa a 2005 cewa ya ɗaga sinadarin mazantakarsu. A 2008 su ɗin dai suka nuna cewa shan sa na makonni yana taɓa lafiyar marainan ɓerayen. Masu talla rabin farko kawai suke faɗa. Burantashi kuwa yana ɗaga hawan jini, yana sa bugun zuciya ya yi sauri, ga shi mai tsire ba ya auna jinin kowa kafin ya barbaɗa. Mafi muni su ne kwalaben zamani da ake kira na gargajiya alhali an niƙa ƙwayar bature a ciki, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Idan mai shan wani nau'in maganin ciwon ƙirji ya haɗa da irin wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas.

Binciken da ya fi burge ni babu saiwa ko ɗaya a cikinsa. A birnin Nafoli na Italiya, likita Katherine Esposito ta bibiyi maza 110 masu ƙiba da wannan larura har shekara biyu. Rabinsu aka taimaka musu suka rage ci, suka ƙara motsa jiki. Da aka fitar da sakamakon a 2004, kusan ɗaya cikin uku na waɗannan ya dawo daidai. Abincin da bincike ke yabawa a can shi ne hatsin da ba a cire masa dusa ba, wake, ganye, kifi, 'ya'yan itace.

Duk wanda ya san Karaye da Rogo ya san wannan jerin. Dawa da gero suna rumbu, wake da gyaɗa da riɗi suna gona, zogale na bayan ɗaki, rama da kuka da kuɓewa suna tukunya, masunta kuma suna fito da kifi daga madatsar Challawa da aka kammala a 1992. Kankana ma tana da sinadarin da jiki ke sarrafawa wajen buɗe hanyoyin jini, ko da yake amfaninta bai kai yadda ake zuzuta shi a wayoyi ba. Sai dai kwanon gidan ya sauya. Farar shinkafa da taliya sun ture tuwon dawa, dunƙulen ɗanɗano ya ture daddawa, shayi kuma sai an zuba masa suga cokali huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, mu kuwa miya ɗaya kan sha dunƙule da yawa. Manomin da ke takawa zuwa gona yanzu babur ke kai shi.

Ban ga laifin mai magani shi kaɗai ba. Shi ne ke sauraron magidanci ba tare da ya kunyata shi ba, abin da sau da yawa ba ya samu a layin asibiti, inda ma'aikaciyar da ke rubuta kati wataƙila sa'ar 'yarsa ce. Na so a ce wanda ke zaune gaban buzun nan, kafin ya miƙa ƙulli, zai ce, "Alhaji, yaushe rabonka da gwajin suga da na hawan jini?" Gwajin suga ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa, kuma ana yin sa a asibitin Karaye da na Rogo.