Kafin Ka Sauke Motarka, Ka Tuna da Hanyar Kachia

Sauke mota ƙasa ya zama yayi a tsakanin samarin Kaduna, kuma yayin ya riga ya ƙetaro Sabon Tasha da Mararaban Rido ya iso mana Kujama. Yaro zai yi ta tari har ya sayi BMW ko Mercedes ɗan Kwatano, amma kafin ya sauya man inji ma, maganar da ke bakinsa ita ce yadda taya za ta shige cikin jikin mota har yatsa ya kasa shiga tsakaninsu. Ba na musun kyau. Motar da ta kwanta daidai, aka sa mata rim mai faɗi, ko dattijo sai ya waiga. Inda nake da ja shi ne muhawarar da ake tafkawa a gareji da majalisa: wai wanne ya fi, a sa gajeren sifirin ko a sayi koiloba? Duk masu wannan gardama suna magana ne kamar a titin Jamus za a tuƙa motar.

Gajeren sifirin abu ne mai sauƙin fahimta. Ana cire sifirin da mota ta zo da shi a sa wani wanda ya fi gajarta kuma ya fi tauri, shokozoba na nan yadda take. Kamfanonin Jamus irin su Eibach da H&R suna ƙera shi don kowace irin mota, kuma yawanci yakan sauke ta da santimita 3 zuwa 4. In an ɗaura, shi ke nan, babu ƙari babu ragi. Koiloba kuwa shokozoba ce da sifirinta a haɗe, jikinta na da zare kamar na noti, da wani zobe da sifirin ke zaune a kai. Ka murɗa zoben sama mota ta tashi, ka murɗa ƙasa ta kwanta. Masu tsada, irin na KW da Bilstein da Öhlins, har da maɓallin da ake ƙara wa shokozobar tauri ko laushi. A takarda dai koiloba ta yi wa sifirin fintinkau, shi ya sa duk wanda ya gama kallon bidiyo a YouTube ita yake kira.

Ni kuwa ra'ayina, ga mai zama a wannan yanki, gajeren sifirin na kirki tare da sabuwar shokozoba ya fi masa, kuma kada saukewar ta wuce santimita 3.

Dalilin farko hanya ce. Ka tashi daga Kujama ka nufi Kasuwan Magani, ka wuce Kufana da Idon ka shiga Kachia, ka karya ta Zonkwa har Kafanchan. Ko a inda kwalta ke da kyau, kusan kowane gari yana da tudun rage gudu, wasu ma mutanen gari ne suka yi abinsu da siminti ko jar ƙasa bayan mota ta kaɗe musu yaro, kuma babu mai ganin laifinsu. Irin wannan tudu ba a auna shi da ma'aunin injiniya. Ga kuma kwaltar da manyan motoci suka danne ta yi kwari biyu da tudu a tsakiya. Motocin gudu na Turai dama can ba su da tazara sosai daga ƙasa, da yawansu ba su wuce santimita 13 ko 14 ba. Ka cire 5 ko 6 a ciki, ka ɗauki abokai uku a baya, abin da ya rage tsakanin kaskon man inji da dutse bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Kaskon kuma a motocin Jamus da dama na alminiyam ne, ba ya lotsawa ya haƙura, tsagewa yake yi. Mai ya tsiyaye a hanya, direba bai lura da jar fitilar ba, kafin a kai gari na gaba inji ya buga.

Akwai abin da ya fi tazarar ƙasa muhimmanci, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Taya tana buƙatar wurin da za ta yi sama in ta hau tudu, ta yi ƙasa in ta faɗa rami. Duk santimitar da aka sauke, daga wannan wurin aka ciro ta. In ya ƙare, ƙafar mota sai ta riƙa dukan robar da ke ƙarshen shokozoba, dukan ya wuce kai tsaye zuwa jikin mota. A lokacin nan taya tsalle take yi, ba ta riƙe da kwalta, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki ba ta jin sitiyari. Wato motar da aka sauke don ta riƙe kwana, a kan hanya mai gargada ita ce ta fi saurin sakin kwanar. Mutanen Kaduna bai kamata a koya musu wannan ba. A Kakuri aka fara haɗa Peugeot a 1975, kuma abin da ya sa 504 ta mamaye hanyoyin ƙasar nan shekara da shekaru shi ne dogon wasan ƙafarta da laushinta. Ita ce ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975, ta sake ci a 1978, a kan jar ƙasa da laka irin tamu. Har gobe direbobin da ke lodin citta daga Kachia da Kwoi ƙarin tsayi suke nema wa motocinsu, don sun san abin da ke gabansu.

To, mai koiloba zai ce ai nan ne amfanin tasa: da damina ya ɗaga, da rani ya sauke. Maganar tana da daɗin ji. Amma duk lokacin da aka taɓa tsayin mota, saitin ƙafa ya canja, sai an koma an sake shi, in ba haka ba taya ta cinye ta ciki alhali wajenta na nan sabo fil. Sannan a daidaita kusurwa huɗu yadda nauyi zai rabu daidai aiki ne na sikeli, ba na ido da igiyar awo ba. Wa zai riƙa biyan wannan sau biyu a shekara? Abin da ke faruwa shi ne a saita sau ɗaya ranar da aka ɗaura, a manta.

Kuma ko an tuna, zaren ba lallai ya yarda ba. Na tsaya a wani gareji ina kallon bakanike na fama da wata koiloba da ba ta fi damina ɗaya a jikin mota ba. Jar laka ta shige cikin zaren ta bushe, ƙurar hunturu ta bi ta kai, tsatsa ta haɗe zoben da jikin ƙarfen. Ya goga da buroshin waya, ya zuba kananzir, ya sa maɓuɗin ya taka da ƙafa, haƙoran zoben suka fara gutsurewa. Ya ɗago ya dubi mai motar ya ce, "Oga, wannan fa sai dai wuta." Wuta kuwa a jikin shokozoba mai gas da mai a ciki ba abin wasa ba ne. KW suna yin jikin tasu da ƙarfen da ba ya tsatsa saboda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, amma irin wannan kuɗinta ya isa a yi wa tsohuwar mota garambawul gaba ɗaya. Wadda samarinmu ke iya saye ita ce marar suna da ake turowa ta intanet, mai kalar ja ko ruwan gwal, an yi mata sifirin mai taurin tsiya don a ɓoye raunin shokozobar. Wannan ba ta kai ƙafar da mota ta zo da ita daga kamfani ba, ko kusa.

Ba wai gajeren sifirin ba shi da nasa aibin ba. In aka ɗora shi a kan tsohuwar shokozobar da ta riga ta sha hanya tun daga Turai, ba za ta daɗe ba za ta fara zubar da mai, mota ta riƙa rawa bayan kowane tudu. Don haka a lissafa kuɗin shokozoba huɗu a ciki tun farko, kuma a nemi wadda aka yi don gajeren sifirin. A kuma tabbatar sifirin na wannan motar ne takamaimai, har girman injinta, domin nauyin gaban mai silinda shida ba ɗaya ba ne da na mai huɗu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hanya ta uku, wadda ba ta shiga muhawarar amma ita aka fi bi: yanke sifirin. Masu aikin ƙarfe na Panteka gwanaye ne, babu abin da ba za su ƙera maka ba, sai dai sifirin ba ƙarfen ƙofa ba ne. An gasa shi ne an sanyaya da ma'auni, kuma ƙarshensa an siffanta shi don ya zauna daram a mazauninsa. Ka sa injin yanka ka cire zagaye ɗaya da rabi, ƙarshen ya zama tsini, in taya ta faɗa rami ta sake jiki yana iya tsallakewa daga mazaunin ya huda taya ko ya tsinke bututun birki. Wasu ma ba sa yankewa, wutar walda suke kara masa har ya yi ja ya zauna da nauyin motar. Sifirin da aka yi wa haka ya mutu, jiran ranar karyewa kawai yake. A Jamus in ka sauya ƙafar mota sai kayan sun kasance masu takardar amincewa, sau da yawa ma sai masu binciken TÜV sun duba. Mu nan babu mai leƙa ƙarƙashin motarka, sai dai a tambaye ka takardu.

Akwai wanda koiloba ta dace da shi, ban hana ba. Wanda ya ware mota ɗaya don wasa a fili, yana da kuɗin ta kirki, yana da bakaniken da ya san saiti, yana wanke zaren yana shafa masa maiko bayan kowane ruwa, wannan ya saya. Amma irinsu nawa ne tsakanin Kujama da Kafanchan? Yawancinmu mota ɗaya ce, da ita ake zuwa aiki cikin Kaduna, da ita ake kai Mama asibiti, da ita ake tafiya gida a Disamba da buhun shinkafa da jarkar mai a but, a kuma zarce Kagoro kallon bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Daga kwalta zuwa ƙofar gidan kaka akwai sauran tafiya a kan hanyar da ruwa ya zaizaye, kuma na sha ganin gayu sun sauko daga mota sun bi ta a ƙafa, direba na ratsa kwari a karkace, ƙannensa na gaba suna duƙawa suna leƙen ƙarƙashi suna ce masa, "Yaya, a hankali, salansa na taɓawa."