Tarkon Alkawari a Littafin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a Zariya a 1934, an fi tunawa da shi saboda satar yaro. Amma gwanintar mawallafin ta fi bayyana ga labarin uwar Umar, gama ita ba da ƙarfi aka kama ta ba. Wani ne ya ga begen ɗanta ya dame ta, ya yi alkawarin sada su, sa'an nan ya sayar da ita a Murzuk, cikin Libiya, ƙasar da aka fallasa cinikin mutane a 2017.

Mai karatu a Gwandu ko Kalgo, watau jihar Kebbi mai iyaka da Nijar, lalle zai shaida dabarar: kyauta, daɗin baki, alkawarin aikatau can nesa, da roƙon a rufe zancen.

Aibin littafin shi ne ya jingina kome ga ƙaddara, kamar ba makawa. Alhali akwai. Iyaye su tambayi mai alkawari inda za a kai yarinya da wanda zai riƙe ta. In ya yi kame-kame, a sanar da mai unguwa da hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003.