Aikatau na Latin *Fungor* da Matsalar Fassara *Functus Officio* zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2023 wani furuci na Latin mai kalma biyu ya shiga cikin gardamar da ake yi game da wanda zai zauna a Gidan Gwamnatin Kano da ke unguwar Nassarawa. A ranar 20 ga Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasarar Gwamna Abba Kabir Yusuf, ta bai wa Nasiru Yusuf Gawuna. A ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara, a hukuncin da aka karanta a Abuja, ta tabbatar da wannan sokewa. Amma da rubutaccen hukuncin ya fito, sai aka tarar da waɗansu layuka wajen ƙarshensa suna faɗin akasin abin da aka karanta. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne, za a gyara. Lauyoyin gwamna kuwa suka ce kotun ta riga ta zama *functus officio*, saboda haka gyara sai a Kotun Ƙoli. Ita ce kuma ta raba gardama ranar 12 ga Janairu, 2024, inda ta tabbatar da gwamnan a kan kujerarsa.

Wanda ya fi gaskiya a tsakanin ɓangarorin biyu magana ce ta masana shari'a. Abin da ya shafi mai nazarin harshe shi ne: Bahaushen da ya kasa kunne ga rediyo a lokacin, da wace kalma za a gaya masa abin da lauyoyi suke nufi? Wannan maƙala za ta duba ma'anar aikatau ɗin da furucin ya fito daga cikinsa, sa'an nan ta ɗora fassarorin Hausa a kan ma'auni.

2.0 Siga da Ma'anar *Fungor*

Ƙamusoshin Latin sukan kawo wannan aikatau da sigogi uku: *fungor* (ina yi), *fungi* (yi), da *functus sum* (na riga na yi). Yana cikin wani rukuni na aikatau waɗanda sigarsu ta wanda aka yi wa aiki ce, amma ma'anarsu ta mai yin aikin ce da kansa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga manazarcin Hausa. A cikin azuzuwan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, aji na 7 shi ne wanda ya fi nuna abin da ya auku ga aikau, kamar *gyaru* da *dafu*. Duk da haka akwai *himmatu* da *taru* da *rabu*, waɗanda aikau ɗinsu shi ne mai yin abin.

Ga misalan yadda Rumawa suke amfani da shi:

(1) *officio fungi*: yin abin da ya wajaba a kan mutum
(2) *munere fungi*: yin hidimar da aka ɗora wa mutum
(3) *magistratu fungi*: riƙe muƙamin hukuma
(4) *vita fungi*: ƙare rayuwa, watau mutuwa

Abu biyu ne ya kamata a lura da su. Na farko, ba kowane irin aiki ake faɗa da *fungor* ba. Abin da ke biye da shi yawanci wajibi ne, wanda doka ko al'ada ko ƙaddara ta ɗora wa mutum. Na biyu, misali na (4) ya nuna cewa a cikin kalmar akwai ma'anar kai abu ƙarshe da rabuwa da shi.

Nahawun kalmar ma ya ƙarfafa haka. Latin tana nuna matsayin suna a cikin jimla ta hanyar sauya ƙarshensa. Da a ce *officium* karɓau ne na kai-tsaye, da ya zauna yadda yake. A rubuce-rubucen Plautus da Terence, na ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akan same shi haka. Amma a zamanin Cicero, ƙarni ɗaya bayan nan, abin da ya zauna shi ne *officio*, watau sigar da ke yin aikin da *da* da *daga* suke yi a Hausa. Masana nahawu sun kasu biyu a kan dalilin wannan siga: waɗansu sun ɗauke ta ta abin da aka shagala da shi, waɗansu ta abin da aka rabu da shi. Abin sha'awa shi ne, harafin *da* na Hausa yana ɗaukar duka biyun:

(5) Ya shagala da aiki.
(6) Ya rabu da aiki.

*Fungor* yana tsaye ne a tsakanin (5) da (6). Idan kuwa ya zo da sigar shuɗaɗɗen lokaci, *functus*, to ya karkata ga (6).

Kalmomin da aka tsira daga gare shi sun rarraba waɗannan ma'anoni a tsakaninsu. *Defunctus* ya ɗauki ma'anar ƙarewa, shi ne ya haifi *défunt* na Faransanci, watau marigayi. *Perfungor* ya haifi kalmar da ke nufin yin abu sama-sama don a rabu da shi, irin abin da Bahaushe yake kira fita kunya. Shi kuwa suna *functio* ya shiga Faransanci a matsayin *fonction*, har da *fonctionnaire* da aka sani a Nijar, ma'aikacin gwamnati. Ya kuma shiga Ingilishi da ma'anar aiki ko amfanin abu. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yaɗuwa, shi ne kuma ya yar da ma'anar ƙarewa gaba ɗaya. Daga nan kuskuren fassara yakan faro, domin kuwa mai fassarar da ya san kalmar ta hanyar Ingilishi ko Faransanci kawai, da ya ji *functus* sai zuciyarsa ta tafi ga *aiki*.

3.0 Shigarsa Harshen Shari'a

A cikin kundin dokokin Rum da aka tattara da umarnin Sarki Justinian a shekarar 533, akwai maganar masanin shari'a Ulpian, wanda ya rayu a farkon ƙarni na 3. Abin da ya bayyana shi ne, alƙali da zarar ya yanke hukunci ya daina zama alƙalin wannan magana, ba shi da damar gyara abin da ya yanke ko da ya zarce ko ya gaza, domin ya riga ya yi abin da ke kansa, ko ya yi daidai ko ya yi kuskure. Dokar Ingila ta riƙi wannan ƙa'ida, Nijeriya kuma ta gaje ta daga Ingila. Hikimarta ita ce shari'a ta sami ƙarshe, kuma mai ƙorafi ya tafi kotun gaba maimakon ya koma yana matsa wa alƙalin da ya kayar da shi.

An bar ƙofofi kaɗan. Kotu tana iya gyara tuntuɓen alƙalami ko kuskuren lissafi, tana kuma iya soke hukuncin da aka samu ta hanyar yaudara ko wanda tun asali ba shi da tushe a doka. Gardamar Kano ta 2023 a kan ƙofar farko ta tsaya: layukan nan tuntuɓen alƙalami ne ko wani ɓangare ne na hukuncin?

Akwai dalilin da ya sa wannan ƙa'ida take bukatar bayani a tsanake ga Bahaushe. Shari'ar da ya gada ta alƙalai ce, bisa mazhabar Malikiyya. Sananniya ce wasiƙar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, wadda ta gargaɗi alƙali kada hukuncin da ya riga ya yi ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana. Littattafan fiƙihu kuma sun ba alƙali damar warware hukuncinsa da kansa bisa sharuɗɗa, alal misali in ya saɓa wa nassi ko ijma'i. Wanda ya tashi da wannan fahimta, in aka ce masa kotu ba za ta gyara kuskurenta ba, zai ɗauka taurin kai ne ko son rai, sai fa in fassarar ta nuna masa cewa ikon ne ya fita daga hannunta.

4.0 Fassarori a kan Ma'auni

Ma'auni ke nan ya samu. Fassara mai kyau tilas ta ƙunshi abu uku: akwai wajibin da aka ɗora, an kai shi ƙarshe, kuma kai shi ƙarshen ne ya raba mai yin da ikonsa. Ga jimlolin da suka fi saurin zuwa bakin mai fassara:

(7) Kotu ta gudanar da aikinta.
(8) Kotu ta zartar da hukunci.
(9) Kotu ta gama aikinta.
(10) Wa'adin kotu ya cika.
(11) Kotu ba ta da hurumi.
(12) Bakin alƙalami ya bushe.

*Gudanar* a (7) ɗan aji na 5 ne, daga *gudana*, abin da ruwa yake yi. Hotonsa na tafiya ne ba tsayawa, saboda haka shi ne mafi nisa daga *functus*. Wannan aikatau, tare da ɗan'uwansa *aiwatar*, ya mamaye Hausar labarai har ya zama ana gudanar da taro, da bincike, da salla, da jana'iza, ba tare da an bambance mai ci gaba da wanda ya ƙare ba. *Zartar* a (8) yana da harshen damo: wani lokaci yanke hukunci ake nufi, wani lokaci aikata abin da hukuncin ya ce, wanda aikin ma'aikatan kotu ne da 'yan sanda. Jimla ta (9) ta kawo ƙarewa, amma ba ta hana komawa ba. Tela yakan gama riga, a mayar masa ya rage mata hannu.

Jimla ta (10) tana da wurinta. Sashe na 285 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kotun ɗaukaka ƙara kwana 60 ta kammala ƙarar zaɓe, kuma cikar wannan wa'adi na cikin hujjojin da lauyoyin gwamna suka kafa. Sai dai kotu takan zama *functus officio* ko da sauran lokaci, muddin ta yanke hukunci. Jimla ta (11) kuwa ta cakuɗa abu biyu. Kotun da ba ta da hurumi tun farko ba ta da ikon taɓa maganar. Wadda ake magana a kanta ta taɓa samun ikon, ta yi amfani da shi, ya ƙare.

Karin magana na (12) shi ya fi daɗi a kunne, ya kuma kawo rashin komawa sarai. Aibinsa shi ne ya wuce gona da iri, domin Bahaushe yana faɗinsa ne ga abin da ba mai iya sauya shi. Ya dace da Kotun Ƙoli, wadda sashe na 235 ya sa hukuncinta ya zama na ƙarshe, kamar yadda aka gani a 2020 sa'ad da ta ƙi sake duba hukuncinta na zaɓen Bayelsa da na Imo. Amma da an faɗe shi a kan Kotun Ɗaukaka Ƙara a Nuwamban 2023, da an ɓatar da mai sauraro, tun da yake bayan wata biyu Kotun Ƙoli ta rushe wancan hukunci.

5.0 *Cika* da *Sauke*

Aikatau biyu na Hausa sun bi hanyar da *fungor* ya bi. Na farko shi ne *cika*. Ana cika alkawari, ana cika umarni, sa'an nan idan mutum ya rasu akan ce ya cika. Nisan da ke tsakanin misali na (1) da na (4) shi ne ke tsakanin *ya cika alkawari* da *ya cika*, ko da yake karin sautinsu da ajinsu sun bambanta. Sai dai *kotu ta cika aikinta* yabo ne kawai, ba ya nuna an rasa wani iko.

Na biyu shi ne *sauke*, ɗan aji na 4, ajin da yake nuna an yi abu ɗungum an kammala. Bahaushe yana ɗaukar wajibi a matsayin kaya: ana ɗora wa mutum nauyi, hakki yana rataya a wuyansa, in ya yi abin da ake bukata sai a ce ya sauke. Mai kaya in ya sauke, ya kai su inda aka aike shi, kuma ba su a kansa. Yi da rabuwa sun haɗu a kalma ɗaya, kamar yadda suka haɗu a Latin. Misalin da ya fi kusa shi ne:

(13) Ya sauke farali.

Wanda ya yi aikin Hajji sau ɗaya ya sauke farali. Yana iya komawa Makka sau goma, amma abin da zai yi nafila ne, faralin ba ya sake hawa kansa. Haka alƙalin da ya yanke hukunci: yana nan da rigarsa da kujerarsa, yana sauraron waɗansu ƙararraki, amma duk abin da ya ƙara faɗa a kan waccan magana ba ya zama hukunci.

*Sauke* ma yana da nasa rauni, har guda uku. Da fari, *sauke nauyi* yakan ɗauki ƙanshin yabo, alhali Ulpian ya haɗa wanda ya yi daidai da wanda ya kuskure. Na biyu, yana nuna hutun mai kaya fiye da hana shi sake ɗauka; almajirin da ya sauke Alƙur'ani komawa yake yi ya sake bi daga farko. Na uku, in aka yi sakaci da tsarin jimla ma'ana takan juye:

(14) Alƙali ya sauke nauyin shari'ar.
(15) An sauke alƙali.

Jimla ta (15) tuɓewa take nufi, kuma a gari irin Kano, inda sauke mai muƙami ba ƙaramar magana ba ce, wannan kuskure yana iya ta da hankali. Maganin raunin nan uku shi ne a riƙa ambaton *nauyi* a fili, a kuma ƙara wa jimlar ɓangare na biyu:

(16) Kotu ta riga ta sauke nauyin wannan shari'a, maganar ta fita daga hannunta.

Ɓangaren farko ya kawo wajibi da kammalawa, *riga* ya tsaya a matsayin shuɗaɗɗen lokacin *functus*, ɓangare na biyu kuma ya kawo rasa iko ba tare da ya rufe ƙofar ɗaukaka ƙara ba, domin abin da ya fita daga hannun wani yana iya faɗawa hannun na gaba da shi.

6.0 Kammalawa

An ga cewa *fungor* aikatau ne na yin wajibi har a rabu da shi, kuma wannan rabuwa ita ce gishirin *functus officio*. Daga cikin fassarorin da aka auna, waɗansu sun kawo yi ba ƙarewa, waɗansu ƙarewa ba rasa iko, ɗaya kuma ta rufe ƙofar da doka ta bari a buɗe. Jimla ta (16) ta fi tsawo, amma ita ce ta cika sharuɗɗan nan uku. Ya kamata masu tsara ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin shari'a, da malaman fassara a jami'o'i da kwalejoji, su riƙa komawa ga tushen irin waɗannan furuci na Latin kafin su zaɓa musu takwara, maimakon dogara ga inuwarsu da ke cikin Ingilishi. Akwai *sub judice* da *res judicata* da *locus standi* suna jiran irin wannan nazari.