Rijiya Biyu, Baƙo Biyu

Duk 'yar Daura ta san labarin Bayajidda tun kafin ta iya ɗaura zani. Baƙo ne daga Bagadaza, ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya nemi ruwa aka ce babu, don macijin Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je ya sare kansa, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka samu Hausa Bakwai. Haka ake ba mu shi a makaranta, haka Baturen nan Palmer ya buga shi a 1928. Labari ne mai daɗi, amma 'yar'uwa, kin taɓa tsayawa kin auna shi?

Akwai wani baƙon da shi ma ya gudo daga ƙasarsa ya isa bakin rijiya, wato Annabi Musa (A.S) a Madyana. Ba haɗa darajarsu nake ba, wane mutum! Annabi daban, jarumin labari daban. Sai dai in an jera labaran ne ake ganin abin da namu ya rasa.

Annabi Musa ya tarar da mata biyu sun rakuɓe da dabbobinsu saboda maza sun cika rijiya. Ya shayar musu, ya koma inuwa, bai nemi ko sisi ba. Uban ne ya aika aka kira shi, kuma sai da aka yi sharaɗin aikin shekara 8 ko 10 a matsayin sadaki. Shi kuwa Bayajidda, cewa ake an yi masa tayin rabin gari ya ce sarauniyar yake so. Kafin nan ma ya bar matarsa ta fari, 'yar Sarkin Barno, da ciki a Garun Gabas. Masu ba da labari da gudu suke wuce wannan wurin, kamar ba mutum aka bari ba. Haba jama'a!

Dubi yadda Yahudawa suka riƙi Annabi Musa. Ba shi ne kakansu ba, wannan matsayin na Annabi Ibrahim da Annabi Yaƙub ne. Duk da haka shi ne ginshiƙin addininsu da tarihinsu, har suna kiransa "malaminmu". Shi ya fito da su daga bautar Fir'auna, kowace shekara suna tunawa da wannan a Idin Ƙetarewa. Littattafai 5 na Attaura da suke jingina masa, duk shekara sai sun sauke su a wuraren ibadarsu. 'Ya'yansa ba su gaji shugabanci ba, Yusha'u ne ya gada, kuma a wurinsu ba wanda ya san kabarinsa. Kin ga ke nan koyarwa ya bar musu, ba gadon sarauta ba. Matan da suka tsare ransa kuwa, uwarsa da yayarsa da matar da ta raine shi a gidan Fir'auna, ba a manta da su ba.

Mu fa? Jerin sarakunan Daura da mata ya fara, irin su Kufuru da Gino da Yakumo, amma daga zuwan baƙo sai labarin ya koma na 'ya'ya maza. Ayana da ta ba shi masauki ta ɓace, Daurama ta zama tukuici. Har mu marubuta littattafan soyayya muka gaji wannan salon, jarumi ya sauko daga mota ya yi bajinta guda, shi ke nan yarinya ta zama tasa.

Ban ce a yar da labarin Kusugu ba, gadonmu ne. Cewa nake a riƙa ba yara shi da matansa a ciki. Ke kuma da baƙo ke zuwa zance wurinki, kashe maciji aikin dare ɗaya ne. Ki bincika wa ya baro a baya, kuma in ya yi alheri yana iya komawa inuwa ya yi shiru?

Allah Ya sa mu dace, amin.