Faifan da Ya Hana Ni Barci: Nuove Musiche na Rolf Lislevand

Mako uku ke nan ban saurari komai ba sai wannan faifai, har uwargida ta leƙo ɗaki jiya ta ce, "Maigida, wai molon Turawan nan ba ya gajiya ne?" Ba ya gajiya, ni ma ban gaji ba.

Sunansa Nuove Musiche, kamfanin ECM na Jamus ya fitar da shi a 2006, jagoran makaɗan kuma Rolf Lislevand ne, ɗan ƙasar Norway. Sunan aro ne daga littafin waƙoƙin da Giulio Caccini ya buga a birnin Florence a 1602, lokacin da mawaƙan Italiya suka fara barin salon muryoyi biyar masu sarƙewa da juna, suka koma ga murya ɗaya tal, da abin kiɗa ɗaya yana rakiyarta, don kalma ta fito sarai ta taɓa zuciya.

Abin kiɗan da suka fi ɗauka shi ne tiyorba. Ɗan'uwa ne ga liuto, wanda shi kuma sunansa daga al-ud na Larabawa ya samo asali. Tiyorba na da wuya dogo ƙwarai, har wata takan kusa kai mita biyu, da tsirkiyoyi sahu goma sha huɗu. Dogayen na ƙasa in an taɓa su, amonsu a ƙirji kake jinsa kafin ya iso kunne.

To, kiɗan farko, Arpeggiata addio, shi ya kashe ni! Tushensa wani kiɗa ne na Kapsberger, ɗan wani soja Bajamushe, wanda ya tashi a Venice, ya buga littafinsa na farko a can a 1604, daga baya ya koma Rum ya yi suna. A takarda, Kapsberger bai rubuta wani abin a-zo-a-gani ba, dunƙulallun sautuka ne a jere, da alamar cewa a warware su da yatsu. Lislevand kuwa warwarewa yake yi kamar mai zare lagwani, a hankali, yana jinkirta sauti ɗaya har sai ranka ya fara nema, sannan ya sake shi. Kana cikin haka sai muryar Arianna Savall ta shigo daga nesa, siririya, ba hayaniya, kamar wadda ke yi wa kanta waƙa a bayan ɗaki ba ta san ana ji ba. Ranar farko sau biyar na mayar da shi baya.

Sauran faifan yawanci passacaglia ne, wato gajeren take da ake ta maimaitawa a ƙasa, na sama suna yi masa ado yadda suka ga dama. Duk wanda ya taɓa zama gaban mai garaya ya san daɗin wannan: gindin kiɗa yana nan daram, hannu yana yawo. Pedro Estevan na riƙe da ganga, yana taɓa ta da kan yatsa kamar mai gudun tashin jariri.

Na san masu ra'ayin riƙau za su ce an cika gishiri, ina Kapsberger ya ga wannan ganga da ƙaton goge irin na jaz? Su sha kuruminsu. Makaɗan wancan zamani da ka suke ƙarasa abin da takarda ta bari, kuma abin da waɗannan bayin Allah suka yi ke nan. Mai son Kapsberger zalla, tiyorba da liuto ba gauraye, ya nemi Il Tedesco della Tiorba na Paul O'Dette. Ina da shi, ina kuma ganin girmansa. Amma yau da daddare, in gida ya yi tsit, Arpeggiata addio zan sake sawa, uwargida ta yi haƙuri.