Kunnen Mai Lasifika

Tun kafin la'asar mai lasifika yake isowa, shi da yaronsa, sun ɗaure kaya a bayan babur: amfilifaya, lasifika huɗu masu bakin ƙaho, batirin mota da dunƙulen waya. Ba ya gaggawar kwance kaya. Sai ya shiga tsakiyar fili tukuna, ya tafa hannu sau ɗaya, ya kasa kunne. In katangar makaranta ko bangon masallaci ya maido masa da tafin, to ya san inda ba zai juya bakin ƙaho ba. Na ga haka a wajen wa'azi a Tambuwal, na sake gani a walimar saukar karatu a Kebbe, kuma tun daga nan nake ganin girman masu wannan sana'a.

Muryar da ta shiga makirfo komawa take yi wutar lantarki 'yar mitsitsiya, wadda ba ta isa ta motsa lasifika ba. Amfilifaya ne ke ɗebo ƙarfi daga batir ko janareta ya sake fito da ita da girma, kamar almajirin da ke juyar da rubutun malaminsa a babban allo, ba ya ƙara wasali, ba ya rage ɗigo. Wannan amanar ita ce dukkan aikin.

A kanta ne wasu masu hali a Amurka da Turai da Japan ke zuba dukiya. Kamfanin McIntosh na Amurka ya fito da amfilifaya MC275 a 1961, mai aiki da kwalaben nan masu ja in sun yi zafi, irin na tsohon rediyo, kuma har yau ana rububinsa. A Japan, Hiroyasu Kondo ya ƙera wanda ya kira Ongaku, ya naɗe transfomominsa da wayar azurfa. Ƙarfinsa wat 27 ne kacal a kowane ɓangare, amma kuɗinsa ya sayi sabuwar mota. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya san abin da mai doki ke kashewa a kan sirdi da linzami da dawa domin hawan Salla zai fahimci mai son jin sauti tsantsa. Sai dai su a ɗaki suke, a kan kujera ɗaya, ƙofa a rufe. Namu a fili yake, ga iska, ga ƙura, ga jama'a har inda ido ya tsaya, kuma abin da ke hannunsa bai wuce Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan ba, sau tari ma kwance ce.

A bayan irin wannan amfilifaya akwai wuraren ɗaura waya masu lamba 4, 8, 16, da kuma 100V. A nan gwani yake rabuwa da ɗan koyo. Yawancin ƙahonin nan lambarsu 16 ce. In ka haɗa biyu, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma 8. In huɗu ne sun koma 4. Wanda ya ɗaura huɗu a kan 16 ya ɗora wa injin kayan da ya fi ƙarfinsa, zai yi ta zafi har ya ƙone ana tsakiyar karatu. In kuma ya juya wayar ƙaho ɗaya, ja ta koma gurbin baƙa, sai ƙahonin su riƙa cin juna, wannan na tura iska wancan na janyewa, murya ta sirance. In fili ya yi tsawo, sai ya koma layin 100V, kowane ƙaho da ƙaramar transfomarsa, don kada doguwar waya ta shanye ƙarfin a hanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake lissafin nisa ba tare da takarda ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. Ƙahon da ke nesa da kai da mita 100 zai iso maka kusan sulusin daƙiƙa bayan na kusa, sai ka ji malami ɗaya ya zama biyu, suna katse juna. Shi ya sa gwani ya fi son ya tara ƙahoninsa a kan sanda ɗaya mai tsawo, kowane ya fuskanci nasa ɓangaren, da ya watsa su ko'ina.

"Ƙara ɗaga shi, ya haye kawunan mutane," zai ce wa yaron.

"To, Maigida. Haka ya yi?"

"Karkato shi wajen mata kaɗan."

Kukan nan mai tsinka kunne da kowa ya tsana yana faruwa ne in makirfo ya ji abin da lasifika ya faɗa, ya maida shi ciki, abu ya yi ta zagaye. Maganinsa tun wajen kafa sanda yake: ƙaho a gaba, makirfo a baya. In mai jawabi ya yi nisa da makirfo, gwani ba ya murɗa ƙara, durƙusawa yake yi ya ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan matso da shi kusa da baki." Sannan ya rage kaurin sauti, don a wajen tafsiri ba rugugi ake nema ba, so ake na ƙarshen sahu ya bambance sin da sadi.

Da an fara, ya zauna ke nan gefen kayansa. A zafin Afrilu, lokacin da awo ke haura 40, za ka ga tafinsa a kan murfin injin yana auna zafi kamar uwa a goshin ɗanta. In batir ya soma sanyi, murya takan fara tsagewa a saman kalma, kuma shi yana ji tun kafin kowa ya lura, ya sauya batir a ɗan tsakanin da mai jan baƙi ya ja numfashi.

Ƙahon da ya mutu kuwa ba a yar da shi. Washegari ya kwance bayansa a rumfa, ya fito da kwayil ɗin da ya ƙone, waya siririya kamar gashi. In akwai sabo ya sa, in babu ya zauna ya naɗa wani da hannu, zagaye bayan zagaye, ya liƙe bakin da dalma. Sai ya ɗauko batirin tocila ɗaya ya taɓa wayoyin biyu, ya kara kunne. Ƙas! Ya miƙa wa yaron ya ce ya ɗaura a babur, akwai ɗaurin aure a Dogon Daji bayan Juma'a.